Wace Kyamara Zan Ɗora a Kan Tebur?

Goggo, don girman Allah ki taimake ni, kuma ki daure kar ki yi min dariya, ko da yake na san sai kin yi. Ni kaina idan na zauna na tuna yadda na jefa kaina cikin wannan rigima sai dariya ta taso min, amma ba ta kai ciki. Asabar ɗin ƙarshen wata nake tsoro, ga ta nan kuwa tana tahowa ba ta ko waiwaye.

Ni ma'aikacin kantin magani ne, ina da mata da 'ya ɗaya. Ba na shan taba, ba na kallon ƙwallo, ciwona ɗaya a duniya shi ne ɗaukar hoto. Mu masu wannan ciwo muna da 'yar ƙungiya, muna haɗuwa duk safiyar Asabar a ɗakin bayan wani shago da ake sa wa hotuna firem. Ɗakin ba shi da wani girma, kujerun roba ne da dogon tebur da wata fanka mai kuka, amma in kin ga yadda muke shigarsa da ƙasaita sai ki rantse taron ministoci ne. Kowa da ƙatuwar jaka a kafaɗa, kyamara na reto a wuya. A wurinmu girman kyamara shi ne girman mutum, wanda idon kyamararsa ya fi tsawo shi ke fara magana.

Shugabanmu wani dattijo ne da muke kira Malam. Rayuwarsa duk a studiyo ya yi ta, tun lokacin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu, har wayoyi suka zo suka kwashe masa kasuwa ya rufe. Shi ya koya min komai, Goggo. Shi ya fara ɗora min kyamara a hannu, ya nuna min yadda ake riƙe numfashi kafin a danna, ya koya min zama in jira haske ya zo inda nake so maimakon in yi ta harbi barkatai. In ya ce hoto ya yi, to ya yi. In ya ɗaga gira ya yi shiru, ka kwashe kayanka ka je ka sake. Wallahi ina ganin girmansa kamar yadda nake ganin na mahaifina.

Tawa kyamarar ma ba baya ba ce. Baƙa ce, ƙatuwa, in na haɗa ta da idanunta biyu da ƙafafunta da batira sai kafaɗata ta yi kwana da kwanaki tana zogi. Ni ke sayar da man zafi a kanti, ni ne kuma na fi kowa sayensa. Maiɗakina ke shafa min, tana shafawa tana mita. Malamar makaranta ce, ba ruwanta da harkar hoto, abin da ta sani kawai mijinta na fita da safe a miƙe ya dawo a karkace. Ashe baiwar Allah ta daɗe tana bincike ban sani ba, tana shiga shaguna tana tambaya, har ta ji labarin wata sabuwar ƙaramar kyamara da ta fito. Ran nan na dawo daga aiki na tarar da ɗan kwali a kan filona. Ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa, ta rungume hannu, murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

Goggo, abar nan ba ta cika tafin hannuna ba. Launin azurfa ce, in an kunna idonta ya leƙo waje, in an kashe ya koma ciki kamar kan kunkuru. Ta shige aljihun gaban rigata tsaf, har da sauran wurin biro. Na yi godiya, na yi murna a gabanta, amma a raina na ce wannan ai ta wasan yara ce.

Da Asabar ta zo na tafi da ita, don ƙa'idarmu ce duk wanda ya samu sabuwar kyamara ya kawo ta ta zaga hannun kowa, kowa ya faɗi abin da ya gani. Da na sani da na bar ta a gida! Dogo, wani mai walda da ke zama kusa da ni, ya ɗauke ta da yatsu biyu, ya ɗaga ta sama, ya tambaya ko an yaye ta kuwa kafin a raba ta da uwarta. Wani likitan dabbobi da ke cikinmu ya kai ta kunne ya girgiza, ya ce shi ya ɗauka zai ji ƙarar ashana a ciki. Wata 'yar ƙungiyarmu mai aikin akanta ta kara ta a ido tana neman ramin leƙawa, ta juya nan ta juya can, sai da aka gaya mata babu, a allon baya ake kallo. Ta ajiye ta ce ita ba za ta iya ɗaukar hoto tana miƙa hannu gaba kamar mai karɓar sadaka ba. Ɗaki ya ɗauki dariya, har mai shagon ya leƙo ya ga ko lafiya.

Sai ta iso hannun Malam. Shi bai yi dariya ba. Ya auna ta a tafin hannu, ya juya ta, ya saita taga ya danna. Shiru, ko ƙyas ba ta yi ba. Ya sake dannawa, ya kasa kunne. Sannan ya ce abin da aka danna bai yi ƙara ba, ta yaya mutum zai san ya ɗauka? Ya ajiye ta a hankali, ya tura ta gabana da ɗan yatsa, ya ce irin waɗannan ne suka kashe sana'a, suka mai da kowa mai hoto. Ido duk ya dawo kaina.

A nan na tafka ta. Bakina ya riga hankalina, na ji kaina ina cewa ai ba tawa ba ce, ta madam ce, ba ni ta yi in duba mata, kun dai san mata da son ƙananan tarkace. Aka kwashe da dariya, Dogo ya daki bayana, aka wuce wurin. Na tsira da mutuncina a ɗakin, amma tun a hanyar gida nake jin abin yana sukata.

Abin haushin, Goggo, mako bai zagayo ba na kamu da son abar nan. Da yake tana aljihu, sai na fara fita da ita wurin aiki. Nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba. In na ɗaga babbar, mutane gyara hula suke yi, su sandare, wasu su tambaye ni daga wace jarida nake. Wannan kuwa ba wanda ke kula ta. Na ɗauki direban bas ɗinmu yana hamma, na ɗauki kyanwar kantinmu ta yi ɗaiɗai a kan kwalin auduga, na ɗauki wasu tsofaffi biyu suna gardama a layin karɓar magani kowa ya ɗaga sanda. Ba ta iya janyo abu mai nisa sosai, batirinta kuma ragon gaske ne, amma fatar mutum da hasken la'asar tana fitar da su yadda sai ka tsaya ka sake kallo. Kafaɗata ta warke, maiɗakina ta daina mita. Ranar Asabar kuwa sai in rataya babbar in tafi taro ina taƙama, ƙaramar na kwance a aljihu kamar sigarin ɗan makaranta.

Ba ni kaɗai ne munafukin ba ma. Dogo ya kama ni da ita a tashar bas, ya yi ta yi min tsiya, daga baya ya sassauta murya ya ce zai rufa min asiri in zan ba shi aronta ranar Lahadi. Likita kuma ya kira ni a waya, ya yi ta zagaye-zagaye yana tambayar lafiyar iyali, can ya ce wai a wane shago aka saye ta, wata 'yar ƙanwarsa ce ke so. Na san ba shi da ƙanwa.

To ga inda abin ya cakuɗe. Mahaifina ya zo mana kwana biyu. Shi mutum ne da in ya ga kyamara sai ya miƙe ƙyam, ya haɗe rai, duk hotunansa da nake da su kamar na katin shaida suke. Ran nan da la'asar yana zaune kusa da taga, 'yata ta haye cinyarsa ta kwaso ƙananan abubuwan kama gashinta masu launi-launi tana maƙala masa a gemu. Ya rufe ido yana dariya har giɓin haƙoransa na gefe da suka zube ya bayyana, haske ya sauka a rabin fuskarsa. Na zaro ta daga aljihu, na riƙe numfashi, na danna. Bai ma san an yi ba. Maiɗakina na tsaye da faranti a hannu, ta ga komai.

Duk wata muna yin gasa. Kowa ya wanko hoto ɗaya, a rataye su a igiya da abin shanya, ba suna, a ajiye kofi a ƙarƙashin kowanne. Kowa a ba shi maɓallin riga ya jefa a kofin hoton da ya fi burge shi. Na kai hoton tsohona. Goggo, kofina har ya yi ƙara, sauran kuwa sai ɗaiɗai.

Kafin a bayyana mai hoto, Malam ne ke tashi ya yi bayanin abin da ya sa hoton ya ci. Ranar ya tashi da ƙarfinsa. Ya sa tabarau, ya ce a dubi gashin gemun nan, kowane sili a tsaye da kansa. A dubi yadda bayan ya narke ya bar fuska ita kaɗai. A dubi haƙurin wanda ya jira hasken nan. Ya ce wannan aikin babbar kyamara ne a hannun wanda ya san darajarta, a je a kawo masa akwatin ashanar da zai iya haka ya gani. Da aka ce nawa ne, sai ya zo ya rungume ni a gaban kowa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce yau ya san bai yi koyarwar banza ba. Dogo na gefe ya cusa hula a baki, kafaɗunsa na rawa.

Ƙa'idar gasar ita ce matsalata. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, wanda ya ci zai zo da iyalinsa, a shimfiɗa jan ƙyalle a tebur, ya ɗora kyamarar da ta ɗauki hoton, sannan a kafa hoton a bango. Maiɗakina ta san da wace kyamara aka ɗauka. Murna take kamar ita ta ci. Ta ɗinka wa abar 'yar riga mai zif, ta ba malaman makarantarsu labari kaf, ta ware kayan da za ta sa. Ba ta san abin da na faɗa a kanta a ɗakin nan ba.

In na ɗora ƙaramar, na kunyata dattijon da ya yi min komai, a gaban ɗalibansa, bayan jawabin da ya yi da hawaye. Ƙungiyar nan ita kaɗai ta rage masa tun da ya rufe studiyo. In na ɗora babbar, na yi ƙarya matata na zaune tana kallo, kuma na san irin kallon da za ta yi min, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Na yi tunanin in ce mata an ɗage taron. Na yi tunanin in ɗora duka biyun in yi shiru kowa ya fahimci abin da ya ga dama. Har rashin lafiyar ƙarya na yi tunani, sai na tuna a gidanmu ni ake tambaya magani, ba wanda zai yarda. Goggo, wacce zan ɗora?

Naki,
Mai Kyamara a Aljihu

*

Ɗana Mai Kyamara,

Na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba, musamman wurin likitan da ba shi da ƙanwa. Allah ya shirye ku, ku da jakunkunanku. Amma na ga damuwarka ta gaske ce, kuma ta mutumin kirki ce, don da ba ka ƙaunar mutanen nan biyu da barcinka kake sha.

Amsar tambayarka gajeriya ce: ƙaramar za ka ɗora, ita kaɗai. Ita ta ɗauki hoton, kuma ba ka karya wata doka ta gasar ba. Maganar ɗora biyu ka bar ta, ƙarya ce ita ma, ta sa hula ne kawai. Ɗage taro da ciwon ƙarya kuwa ba su kai ka ko'ina sai wata Asabar ɗin. Ka kuma tuna Dogo ya sani, mutumin da ke cusa hula a baki don ya danne dariya ba zai iya danne ta har abada ba.

Sai dai kar ka bari teburin nan ya zama wurin da mutanen nan biyu za su fara jin labari. Aikinka na gaban Asabar ne, kuma daga gida za ka fara.

Ka zaunar da maiɗakinka yau ɗin nan ka gaya mata abin da ka ce, yadda ka faɗe shi, har da maganar tarkacen. Kar ka gyara, kar ka mai da shi barkwanci, kar ka fake da cewa matsa maka aka yi. Matar nan ba ta san komai a harkar hoto ba, amma ta bi shaguna tana tambayar abin da ba fanninta ba saboda tana ganin kana shan wahala. Za ta ji zafi, tana da gaskiya kuma. In ta yi fushi ka bar ta ta yi, kar ka tsaya kare kanka. Gara ta ji daga bakinka a ɗakinku da ta tsinta a bakin wani cikin raha, tana sanye da kayan da ta ware don ranar.

Sannan ka je wurin Malam, a gidansa, kai kaɗai, da hoton da kyamarar. Ina so ka lura da wani abu kafin ka tafi, don na ga tsoro ya rufe maka ido. Dattijon nan bai yi kuskure a kan hoton ba. Ya ce akwai haƙuri a ciki, akwai kuwa. Ya ce an jira haske, an jira. Ya ce bai yi koyarwar banza ba, wannan ma gaskiya ce tsantsa. Abu ɗaya ya kuskure, wato wace na'ura ce a hannunka, kuma kai ka taimaka masa ya kuskure tun ranar da ka ce ba taka ba ce. Don haka ba za ka je ka nuna masa ya faɗi ba ne, za ka je ka ba shi haƙuri a kan shirun da ka yi. Ka gaya masa da gaskiyarka cewa numfashin da ka riƙe kafin ka danna, a wurinsa ka koya.

Kar ka ja shi da gardamar wace kyamara ta fi. Haushinsa ba da 'yar abarka yake ba, da ƙofar studiyonsa da ya rufe yake, wannan kuwa ba ciwon da hujja ke warkarwa ba ne. Ka saurare shi in ya ɗauko zancen. In ya nuna sha'awa ka bar masa ita ta kwana biyu a hannunsa, in bai nuna ba kar ka tura masa. Daga nan ka tambaye shi yadda yake so a yi ranar Asabar. Na san irin waɗannan dattawa, sau da yawa in aka ba su labari a keɓe, su da kansu suke tashi a taro su ba da shi, su yi wa kansu tsiya kafin wani ya yi musu, girmansu ya ƙaru. Ka ba shi wannan damar.

Ba zan yi maka alƙawarin zai karɓa da fara'a ba. Yana iya ɗaure fuska, yana iya yin makonni yana amsa gaisuwarka a taƙaice. Ka jure, ka ci gaba da gaishe shi, ka ci gaba da kai masa hotunanka ya duba. Wanda ya rungume ka da hawaye ba zai yar da kai a kan wannan ba, amma da zai gano daga baya cewa ka bar shi yana yabon abin da ba haka yake ba, kowa na dariya a ɓoye, wannan ne zai yi wuyar gyaruwa.

Dogo da Likita kuma ka rufa musu asiri, kar ka ja su cikin shari'arka don ka samu abokan laifi. Za su fito da kansu, ka ba su wata guda ka gani. Babbar kyamararka ma kar ka wulaƙanta ta don ka yi sabuwar ƙawa, kowacce da ranarta.

Ranar Asabar, bayan ka ɗora ta a tebur, akwai magana ɗaya da ta rage a kanka, kuma ba Malam ne zai faɗe ta a madadinka ba. Ka miƙe tsaye ka ce kyamarar nan taka ce, ka faɗi wadda ta saya maka da dalilin da ya sa ta saya, da muryar da mai shago zai ji daga waje. Ran nan da matarka aka yi dariya tana gida ba ta sani ba. Wannan karon ka sa a tafa mata tana zaune tana gani.

Allah ya sanyaya zuciyar Malam, ya ƙara muku zaman lafiya kai da maiɗakinka, ya ja kwanan tsohonka. Ka gaishe min da 'yar mai yi wa kaka kwalliya.

Goggonku